Ƙari a saifa: abin da hoton IRM mai allura ke iya tabbatarwa kafin a kai ga wuƙa

Galibin ƙarin da ake gani a saifa ba shi aka je nema ba. Mutum ya je a yi masa eko, wato hoton ciki da ake ɗauka da sauti, saboda tsakuwar ƙoda ko awon hanta, sai mai hoton ya hango wani ƙullutu mai faɗin santimita biyu ko uku a cikin saifa, ya rubuta a takarda. Daga nan hankalin gida ya tashi, domin da an ce ƙari sai a ɗauka daji ne. Likitan fiɗa kuwa, idan ba shi da wata hujja a hannu, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya cire saifar ɗungurungum, a aika da ita ɗakin bincike, kowa ya huta.

A Nijar wannan hutun yana da tsada. Saifa, wadda nauyinta a jikin babba bai wuce giram 150 zuwa 200 ba, ita ke tace jini, tana kame tsofaffin jajayen ƙwayoyi da waɗanda cutar sauro ta shiga, kuma ita ce kan gaba wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta masu kwanso irin na sanƙarau da na namoniya. Ƙasar nan a tsakiyar yankin sanƙarau take, mutanen Yamai ba su manta da annobar 2015 ba, masassarar damina kuwa kowace shekara tana nan. Wanda aka cire wa saifa zai ƙarasa rayuwarsa cikin haɗarin zazzaɓin da kan kayar da mutum cikin yini ɗaya ko biyu. Saboda haka babban amfanin IRM, na'urar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu, wadda a Najeriya ake ce wa MRI, shi ne ta ba likita hujjar da zai bar saifar a wurinta.

Alƙaluma ma suna goyon bayan haƙuri. Wani bincike da likitocin hoto na Boston ta Amurka suka buga a 2018 ya bi mutum 379 da sikana, wato hoton CT, ta nuna musu ƙari a saifa. A cikin 205 da aka gano nasu bisa katari, ba su da tarihin daji kuma ba su da alamun ciwo, mutum biyu ne kawai nasu ya zama daji. Amma a cikin waɗanda dama suna da daji a wani wuri, kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Wato tarihin maras lafiya ya riga ya yi rabin aikin tun kafin a kunna na'ura. Sai dai mutanen Boston ba su fama da emasi, wato sikila, da tsargiya da taifot kamar mu, don haka ba a ɗauko lissafinsu a ɗora wa mutumin Tawa kai tsaye.

Abin da ya sa eko da sikana ba su cika raba gardama ba shi ne, ƙari iri-iri a saifa kamanninsu ɗaya ne a cikinsu: tabo mai ɗan duhu. IRM kuwa tana kallon tsoka ta fuskoki da yawa. A hoton da ake kira T2, ruwa da jinin da ke tafiya a hankali suna fitowa fari fat, tsoka mai tauri da wurin da ƙarfen jini ya taru suna fitowa baƙi. A T1 ruwa baƙi ne, tsohon jini da ruwa mai kauri su ne ke haske. Akwai kuma hoton difizyon, mai auna yadda ruwa ke samun sakewa a tsakanin ƙwayoyin tsoka. Bayan waɗannan sai a yi allurar gadoliniyom, ruwan da ke sa jini ya yi haske a hoto, a bi ta da hotuna, a ga yadda jini ke shiga ƙarin da yadda yake fita. A nan ne asalin ƙarin ke bayyana, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna.

Ma'aunin allurar milimol 0.1 ne a kowane kilo na nauyin jiki. Idan samfurin da ake kira Dotarem ne, wato mililita 0.2 a kilo, mutum mai kilo 60 zai karɓi mililita 12. Idan Gadovist ne, wanda ya ninka shi ƙarfi, mililita 6 ke nan. Ana tura shi da famfo, mililita 2 a sakan, a bi shi da mililita 20 na ruwan gishiri domin ya koro abin da ya maƙale a tiyo da jijiyar hannu. Kafin allura dole a ɗauki T1 mai danne kitse, da yanka siriri na wajen milimita 3. Sannan a maimaita shi sak, ba tare da sauya komai ba, a sakan 25 zuwa 35, a sakan 60 zuwa 70, a minti 3, a ƙarshe kuma a minti 5 zuwa 10. Wannan na ƙarshen shi ake yawan yankewa idan layi ya yi tsawo, alhali ƙarin saifa da yawa sai a lokacin suke nuna halinsu. Ruwan allurar da aka yi domin hanta takanas, irin Primovist, bai dace da wannan aiki ba, domin yana barin jini da wuri, sai ƙari mai riƙe jini ya yi kamar ya zubar da shi.

Kowane ɗauka yana buƙatar a riƙe numfashi sakan 15 zuwa 20. Saifa a ƙarƙashin tantanin numfashi take, tana hawa da sauka da shi, kuma idan mutum ya saki numfashi a tsakiyar ɗauka, hoton ya dagule ke nan, gadoliniyom kuma ya riga ya wuce, ba a dawo da shi. Tsohuwar da aka turo daga Abalak ko Illela, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Yamai, idan aka ba ta umarni da Faransanci ta cikin lasifika ga ƙarar na'ura, ba laifinta ba ne in ta motsa. Minti biyu na gwaji kafin a shiga, cikin harshen da take ji, “Inna, ja numfashi, riƙe, to saki”, ya fi duk wani gyaran kwamfuta. A bar cin abinci awa huɗu kafin hoton. A cire laya da guru da awarwaro da jigida mai ƙarfe. A tambayi mai walda da maƙeri ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa musu a ido, a tambayi kowa ko yana da na'urar bugun zuciya, domin maganaɗisun tesla 1.5 ba ya kashewa ko da ba a ɗaukar hoto.

Sauran sharuɗɗan allurar gajeru ne. A auna kireyatinin, wato awon jini mai nuna aikin ƙoda. Idan tacewar ƙoda ta gaza mililita 30 a minti, ko ƙodar ta tsaya farat ɗaya, sai an yi nazari sosai, saboda tun 2006 aka gano alaƙar wasu nau'o'in gadoliniyom da wata cuta mai sandarar da fata da gaɓoɓi a masu ciwon ƙoda. Hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da galibin tsofaffin nau'o'in a 2017, waɗanda ake amfani da su yanzu haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai. Mai ciki ba a yi mata sai bisa larura. Mai shayarwa na iya ci gaba da ba da nono, abin da ke shiga nonon bai kai a kula ba.

Tarko na farko saifar ce da kanta. Jini yana ratsa ta ta hanya biyu, wata mai sauri wata mai jinkiri, don haka a cikin minti na farko bayan allura lafiyayyar saifa tana fitowa dabbare-dabbare, abin da likitocin hoto ke kira zanen jakin dawa. Wanda bai saba ba zai ga ƙari goma a inda babu ko ɗaya. Zuwa sakan 70 ta daidaita ta zama launi ɗaya, kuma tabon da ya rage bayan nan shi ne na gaske. Tarko na biyu a difizyon yake. A hanta, ƙari mai haske a wannan hoto abin zargi ne, amma lafiyayyar saifa ita ce ta fi kowace gaɓa a ciki haske a cikinsa. Ke nan a nan ƙari marar illa yakan fi saifar da ke kewaye da shi sakewar ruwa, wanda kuwa ya yi daidai da ita ko ya fi ta matsewa shi ake sa wa ido.

Mafi sauƙin ganewa ita ce jakar ruwa. Fara fat a T2, baƙa a T1, bangonta siriri, ba ta shan allura ko kaɗan. Wata tun haihuwa take, wata kuma saura ce ta tsohon bugu, faɗuwa daga kabu-kabu ko harbin dabba da aka daɗe da mantawa. Wannan ta biyun takan ƙunshi tsohon jini, sai ta yi haske a T1 tun kafin allura, ido ya ɗauka ta sha. Maganin wannan ruɗu shi ne a sa kwamfuta ta ɗebe hoton farko daga na bayan allura. Idan abin da ya rage baƙi ne ƙirin, babu tsoka mai rai a ciki. Ɗebewar ba ta yiwuwa sai an riƙe numfashi a matsayi ɗaya kowane karo, shi ya sa aka dage a kan gwajin riƙe numfashi kafin a shiga.

Amma jakar ruwa a jikin makiyayin Azawak, ko mahauci, ko mai zama da karnuka, tana da wata fassara. Tsutsar da ke haddasa jakar idatik tana zagaye ne tsakanin kare da tumaki da raƙuma, mutum kuma ya ɗauke ta daga ƙazantar kare. Bayan hanta da huhu, saifa na cikin wuraren da take zama. A IRM ana neman bango mai kauri da baƙin zobe a T2, da ƙananan jakunkuna a cikin babbar, ko tantani da ya saɓule yana yawo a ruwan. Wannan ba a soka mata allura da garaje, domin idan ruwan ya zuba a ciki yana iya kawo mummunan kaduwar jiki nan take, ya kuma shuka sababbin jakunkuna. Gwajin jini da maganin tsutsa na albendazol su ke riga wuƙa.

A cikin ƙari masu tsoka, emanjiyom ya fi yawa, wato dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da suka buɗe. Yawanci bai kai santimita biyu ba, gefensa a tsare, yana haske sosai a T2. Bayan allura yakan bi ɗaya cikin hanyoyi uku: ƙarami ya cika nan take ya zauna a cike, matsakaici ya fara daga baki yana shiga ciki har ya cika a hoton minti biyar ko goma, babba kuma ya yi hakan amma ya bar tsakiya ba ta cika ba. Kuskuren da ake yi shi ne a nemi ainihin kamannin emanjiyom na hanta, mai ɗigo-ɗigon haske a baki. A saifa wannan ba ya cika fitowa sarai, domin saifar da kanta tana haske ƙwarai a lokacin, ta rufe shi. Abin dogaro shi ne, da zarar ya sha ba ya saki. Ƙarami ba a taɓa shi. Babba mai santimita da yawa ne ake tattaunawa a kansa, saboda yana iya fashewa ko ya riƙa cinye ƙwayoyin daskarar da jini.

Amartom kuwa tsokar saifa ce da ta tsiro ba bisa tsari ba, shi ya sa yake ɓuya. A T1 kusan launinsa ɗaya da saifa, a T2 ya ɗan fi ta haske, wani lokaci abin da zai tona shi kawai shi ne tudun da ya yi a gefen saifar. Da allura yana sha da wuri, ko'ina a lokaci ɗaya amma ba bai ɗaya ba, sannan a hotunan baya ya daidaita, ya ɗan fi saifa riƙe hasken. Bambancinsa da emanjiyom ke nan: wancan daga baki yake farawa, wannan kuwa ko'ina. Lamfanjiyom an fi ganinsa a yara da matasa, jakunkuna ne ƙanana a jere daf da fatar saifa, bangayen da suka raba su ne kawai ke shan allura.

Akwai biyu da ba su da yawa amma su ne ke kai mutane ɗakin fiɗa. Na farko shi ne wanda ake taƙaita sunansa da SANT, wanda sai a 2004 aka bayyana shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Guda ɗaya yake fitowa, yana iya girma, kuma saboda tauri da ƙarfen jinin da ke cikinsa baƙi yake a T2, saɓanin sauran. Da allura bakinsa ke fara haske, sannan wasu layuka su miƙe zuwa tsakiya kamar silin ƙafar keke, tsakiyar ta cika a makare. Wanda bai ɗauki hoton minti biyar ba ba zai ga wannan ba, abin da zai gani kawai ƙari ne mai duhu da bai sha sosai ba, wato kamannin daji. Na biyu shi ne anjiyom na ƙwayoyin litoral, da aka bayyana a 1991: ƙullutai barkatai a saifar da ta kumbura, tare da ƙarancin jini, suna narkewa cikin launin saifa a hotunan baya. Shi wannan ko hoto ya nuna shi ba a sakin jiki, domin ana yawan samunsa tare da daji a wata gaɓa, sai an bincika sauran jiki.

Duk wannan jerin daga littattafan Turai yake. Mai karanta hoto a Yamai yana da wasu abubuwa da za su riga su zuwa ransa. Mai emasi, wato sikila, jijiyoyin saifarsa na toshewa, yankin da ya mutu ya fito kamar dala, gindinsa a bakin saifa, ba ya shan allura. Idan ya zo a kewaye sai ya yi kama da ƙari. Masu SS galibi saifarsu kan ƙanƙance tun ƙuruciya, amma masu SC sukan kai girma da ita, su ne ake gani da wannan. Ga kuma wanda aka sha ƙara wa jini: ƙarfe ya cika saifarsa ta yi baƙi ƙirin a T2, sai wasu tsibirai na lafiyayyar tsoka su fito da haske a tsakiya, a rubuta ƙari da yawa alhali su ne kaɗai abin da ya rage mai aiki. Ana gane ƙarfen ne ta kwatanta hotunan T1 biyu da ake ɗauka a tare, domin a wanda aka fi jinkirtawa saifar ta fi duhu. Mai ciwon hanta na dindindin, daga cutar hanta ta epatit B ko tsargiyar hanji, yakan nuna ɗige-ɗige baƙaƙe na ƴan milimita, tsofaffin wuraren zubar jini ne, ba ƙari ba. Mai zazzaɓi kuma a fara tunanin mugunya, ta taifot ko ta tarin fuka, musamman ga mai sida: baki na shan allura, tsakiya ba ta sha, difizyon kuma ya matse ƙwarai, saɓanin jakar ruwa. Ko tabon tsagar wanzami a gefen hagu labari ne, yana iya nuna saifar ta taɓa kumbura a ƙuruciya. Shi ya sa takardar neman hoto da aka rubuta “ƙari a saifa” kawai, ba nau'in jini, ba zazzaɓi, ba sana'a, ta tauye mai karantawa.

Dajin da ya fi kama saifa lamfom ne, wato dajin kaluluwa. Yana da wayo, domin a T1 da T2 yana iya sajewa da saifa, ya fito da duhu a minti na farko bayan allura, sannan ya ɓace bayan minti biyu. Don haka hotunan farko ke kama daji, na baya ke wanke ƙari marar illa, kuma ba a sadaukar da ko ɗaya. Abubuwan da ke ƙara zargi su ne gefe marar iyaka, ƙarancin shan allura har ƙarshe, kaluluwa a ƙofar saifa ko gefen babbar jijiya, ramewa da gumin dare. Anjiyosarkom, dajin jijiyoyin jini, ba shi da yawa, amma yana iya kwaikwayon emanjiyom. Babban ƙari mai haɗe da jini da ruɓa, ga tabo a hanta, kada a sa masa suna mai daɗi don kawai yana shan allura.

A ganina rahoto mai kyau shi ne wanda ya faɗi matsayinsa: wannan jakar ruwa ce ko emanjiyom, a rabu da shi, wannan bai bayyana ba, ga abin da za a yi. Ga na biyun, idan babu tarihin daji kuma babu alamun ciwo, shawarar da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta bayar a 2013 ita ce a maimaita IRM bayan wata 6 da wata 12. A inda kuɗin hoton da na mota ke fitowa daga aljihun iyali, idan ƙarin yana ganuwa sarai a eko, bibiyar girmansa da eko ya fi a ce mutum ya ɓace gaba ɗaya, da sharaɗin a riƙa aunawa ta fuska ɗaya, kuma ya riƙe faifan hotonsa na farko, ba takardar rahoto kaɗai ba. Idan akwai zargi, ɗebo tsoka da allura ƙarƙashin eko ba abin tsoro ba ne kamar yadda aka ɗauka a da. Da allura mai lamba 18 ko wadda ta fi ta siranta, babbar matsala ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, muddin an auna daskarewar jini kuma an tabbatar ba idatik ba ce.

Idan fiɗa ta zama dole, hoton yana da sauran amfani. Yana nuna ko ƙarin a kai ɗaya na saifar yake, yadda za a iya yanke wannan ɓangare a bar sauran, kuma wajen rubu'in saifa mai isasshen jini ya isa ya ci gaba da aikin kariya. Yana kuma nuna ƴar ƙaramar saifa ta biyu da wajen mutum ɗaya cikin goma ke da ita, wadda ake ganewa da cewa a kowane hoto launinta ɗaya da uwar. In kuwa duka za a cire, a yi rigakafin namoniya da sanƙarau da ƙwayar cutar da ake kira emofilus aƙalla kwana 14 kafin ranar fiɗa, ko kwana 14 bayanta idan ta gaggawa ce, a kuma gaya wa maras lafiya da danginsa cewa daga ranar duk zazzaɓin da ya kai digiri 38 na zuwa asibiti ne a ranar, a gwada palu, wato cutar sauro, a fara maganin ƙwayoyin cuta ba tare da jiran gobe ba.